Ni da Sikelin Mama Talatu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a kan sikeli gaban baƙi ina cire hula da agogo ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, kuma ba kowa ya jawo mini ba, ni ne da wayona.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙaura Namoda. Shekara uku ke nan da likita ya gaya mini zuciyata ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa mini a ƙafa da ƙirji. Ya rubuta mini magunguna, ciki har da wadda muke kira ƙwayar fitsari, mai fitar da ruwan. Daga nan aka haɗa ni da wata 'yar ƙungiya ta masu ciwo irin nawa. Duk Asabar da hantsi muke haɗuwa a barandar wata makarantar firamare, maza a tabarma ɗaya, mata a ɗaya. Mai kula da mu ita ce Mama Talatu, nas ce da ta yi ritaya, Kirista daga kudancin Kaduna, amma ta daɗe a Ƙaura har ta fi wasunmu sanin lungunan garin.

Aikin farko a kowane zama shi ne hawa sikeli. Mama Talatu ta sha gaya mana cewa in nauyin mai ciwon zuciya ya ƙaru farat ɗaya, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma ruwan nan in an yi sake shi ke kai mutum kwance. Duk wanda allurar sikeli ta wuce inda ta saba tsaya masa, sai ta sa ya miƙe ƙafa ta danna ƙwaurinsa da yatsa, sannan ta bi shi da tambayoyi har sai ya faɗi abin da ya ci da maganin da ya tsallake.

Ranar da na fara zuwa, daga kasuwa na wuce kai tsaye. Ina cikin babbar riga, aljihuna cike da waya biyu, da fawa banki na cajin waya, da tocila, da tarin makullai, da wani ƙaton kwaɗo da na sayo don kulle rumbu. Ban cire komai ba sai takalmi. Aka rubuta mini kilo saba'in da takwas. Wallahi a ranar ban yi da wata manufa ba.

Manufar daga baya ta zo. Duk ranar kasuwar Shinkafi ba na shan ƙwayar fitsari, don in ka sha ta, ba ka rufa awa ɗaya sai ka nemi bayan gida, kuma wa zai ce wa direba ya tsaya a dajin hanyar nan a wannan zamani? Da na ga kwana ɗaya bai kashe ni ba, sai na ƙara da ranar kasuwar Moriki. Sai kuma ranar da ciniki ya yi yawa a rumfa. Ga shi in na je kasuwa ba na wuce mai tsire (yajin nan nasu rabinsa gishiri ne, na sani, ba sai an gaya mini ba).

Wata Asabar da safe na hau sikelin buhuna na rumfata, na ga na ƙaru. Maimakon in tsorata, sai kan ɗan kasuwa ya fara aiki. Na zaro kwaɗon nan, da tun ranar farko nake zuwa taro da shi, daga aljihu na ajiye, nauyi ya koma daidai. Na je taro, Mama Talatu ta duba ta ce madalla. Mako na gaba tocila ta zauna a gida. Bayanta fawa banki, sai waya ɗaya, sai makullai. Da aljihu ya ƙare na koma kan tufa: babbar riga ta zama kaftani, kaftani ya zama wata jallabiya shara-shara da ko a ɗaka matata ba ta son ganina da ita. Ƙafafuna kuwa kullum cikin safa, na ce sanyin siminti ne ba na so.

Wata biyu cur allura ba ta gusa daga saba'in da takwas ba. Aka fara ba da misali da ni. In wani ya ƙaru, sai Mama Talatu ta ce ya dubi Alhaji. Ni kuma (Allah ya yafe mini) sai in gyara zama in yi wa mutane nasiha a kan gishiri da dunƙulen miya, har da ɗaga yatsa. Alhali a gida matashi uku nake tarawa kafin in iya barci, kuma daga masallaci zuwa ƙofar gidana sai na tsaya sau biyu ina yi kamar ina duba waya, don kada a ga ina haki.

Ana nan sai aka ce mutanen Shinkafi da na Zurmi za su zo su ga yadda muke yi, don su ma su kafa irin tamu. Da safen ranar na hau sikelin rumfa cikin jallabiyata, ban karya ba, na ma yi aski. Kilo tamanin da ɗaya. Na laluba aljihu, babu abin cirewa sai tasbaha. Na yanke shawara ba ni zuwa. To amma a ƙungiyarmu kowa yana da abokin da ke bibiyarsa, nawa kuwa Malam Bawa ne, direban motar haya, mutumin da ba ya jin uzuri. Ya tsaya da mota ƙofar rumfa ya ce Mama Talatu ta ce ko a kafaɗa ne ya kawo ni, don ni za a nuna wa baƙi.

Na tarar baranda ta cika. Mama Talatu ta yi bayanin sikeli, sannan ta buɗe littafinta ta karanto nauyina mako bayan mako. Baƙi suna ta jinjina kai, wani dattijo daga Zurmi har da cewa masha Allah. Sai ta ce in hau su gani da idonsu.

Sikelin yana kusa da ginshiƙin baranda. Duk wanda ya yi shekara talatin yana awon buhu ya san in gefen buhu ya jingina da wani abu, nauyi ya ragu. Na hau a hankali, na ɗora gwiwar hannu a jikin ginshiƙin kamar mai hutawa, ina danna ina satar kallon allura har ta sauko saba'in da takwas. Na kusa tsira. Sai Goggo Kulu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ba a taɓa jin ta yi magana a taro ba, ta ɗago daga tabarmar mata.

"Alhaji," in ji ta, "ginshiƙin ga ba shi cikin ƙungiya. Sake shi ya huta."

Na saki. Allura ta tafi abinta ta tsaya a tamanin da ɗaya. Da ina da hankali da na sauko a nan, amma an ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na ce ai hula ce, na cire na miƙa wa Malam Bawa. Allura ba ta motsa ba. Na kwance agogo. Na zaro tasbaha. Hannuna ya kai wuyan jallabiya ke nan Goggo Kulu ta sake magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsaya nan, ɗana. Akwai mata wurin ga."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, kowa yana ƙoƙarin danne ta, kuma hakan ya fi ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mama Talatu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa na zauna, ta durƙusa da kanta ta zare mini safa, ta danna ƙwaurina. Da ta ɗauke yatsa, ramin ya zauna kamar an danna ƙullun fura. 

Ta tambaye ni matashi nawa nake kwana da shi, na ce uku. Ta tambayi ƙwayar fitsari, na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya, tun daga hanyar Shinkafi har zuwa kwaɗo da tocila. Ta lissafa kayan da na riƙa ajiyewa a gida, ta ce ashe ruwan da na tara ya fi abin da sikeli ya nuna nesa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, da ka ci nasara yau, mako mai zuwa wa za ka yi wa dabara? Zuciyar taka?"

A lokacin ne tsoro ya fara kama ni, tsoron da ya kamata in ji tun wata biyu baya.

Ina jiran a yi mini faɗa sai na ji Malam Bawa ya yi gyaran murya, hulata tana hannunsa. Ya ce shi ma duk ranar da yake da lodin Shinkafi ba ya shan ƙwayar. Dattijon Zurmi ya ce in don wannan ne, su duka sun san hanyar. Wata mata ta ce ita ranar biki take tsallakewa. Kafin a jima hannu wajen shida ya tashi. Mama Talatu ta dafe kai, ta ce da mun faɗa tun farko ai abu ne da likita zai iya gyarawa, ya sauya wa mutum lokacin sha a ranar tafiya, ba a daina ba.

Daga barandar nan Malam Bawa ya wuce da ni asibiti. Aka ba ni gado, na kwana huɗu ana fitar da ruwa. Likita ya ce Allah ya taimake ni da na zo da ƙafata. Goggo Kulu ta zo dubiya da kunu, ta tsaya daga bakin ƙofa ta tambaya ko akwai ginshiƙi kusa da gadon.

Yanzu kafin kowa ya hau sikeli sai ya juye aljihunsa cikin faranti, ya cire safa, ya rungume hannu. Suna kiran abin dokar Alhaji. Na ji labari ƙungiyar Shinkafi da ta Zurmi duk sun ɗauka, da sunan da komai, don haka akwai mutanen da ban taɓa gani ba da suka san labarin jallabiyata. Na daina yi wa kowa nasiha. In sabon mutum ya zo, nakan zauna kusa da shi in tambaye shi a hankali wace rana ce yake tsallake ƙwaya, kuma yawanci sai ya kalle ni ya yi murmushi ya faɗa.

Abin da na koya bai da yawa. In ka matsu sai ka yi ƙarya, to ka nemi masu lafiya ka yi musu. Masu ciwo irin naka sun riga ka sanin ƙaryar, kuma da sun kama ka, ba sa barinka ka mutu da ita.