Ruku'un da na yi wa Bajapane a Mina

Shekarar da zafin Makka ya ishe ni, sai na kamu da son Shizuwoka, wata jiha a bakin teku a ƙasar Japan, wadda a bidiyo kawai nake ganinta. Ina zaune a ɗakina a unguwar Jarwal, fanka tana watso iska mai zafi, amma zuciyata tana can cikin gonakin shayi masu gangarawa teku, dutsen Fuji yana leƙo ni da farar hularsa. Tsohuwar hanyar fatake da ta ratsa jihar kuwa, na fi saninta a kan hanyar unguwar Ka'akiyya da ke nan Makka.

Da aikin Hajji ya zo, ina yi wa alhazai jagora a Mina, aka ce akwai wani dattijo ɗan Shizuwoka a tantin kusa. Na ce wa abokan aikina, "Yalla, ku zo ku ga yadda ake gaida mutanen nan."

Na tsaya gabansa, na manna hannuwa a cinya, na sunkuya kamar yadda na gani a bidiyo. Na daɗe a haka, har ƙamshin teku nake ji.

Dattijon ya dafa kafaɗata, ya ce da Larabci tsantsa, "Ɗana, ɗago. Tun da na musulunta na daina sunkuya wa mutum. Alƙibla ma tana bayanka."

Abokaina suka fita da gudu, dariya ta shaƙe su.

Har yau, ko takalmi na sunkuya ɗauka a ƙofar masallaci, sai na ji wani daga baya ya ce, "Sami'allahu liman hamidah."