Rasuwar Uwar Dawa, A-kori-kurar Malam Mode

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mode da iyalinsa na bayan kasuwar Zuru suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar a-kori-kurarsu, Uwar Dawa. Suna kuma jan kunnen duk mai tsohuwar mota: idan ya ga maƙwabcinsa yana ɗura wa tasa wani sabon mai, ya kawar da kai ya wuce.

Marigayiya ta yi shekara ashirin da shida a gidan. Ba ta taɓa ƙin hanyar Ribah ba, ko da tsakiyar damina. Ta ɗauki dawa, ta ɗauki awaki, kuma ita ta kai uwargida asibiti ranar da aka haifi Hamdiyya. Da sassafe takan yi tari biyu, kuhum, kuhum, sannan ta ce grrr, duk unguwa ta san gari ya waye. Tsawon rayuwarta fetur kawai ta sani.

Ciwon ajalinta ya faro ne ranar da maƙwabci Aaron ya sayo sabuwar mota fara mai ƙofa huɗu, yana zuba mata man rogo, wanda 'yan boko ke kira itanol. Farin fenti bai dami Malam Mode ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ganin Hamdiyya, 'yarsa tilo, tana duba fuskarta a gilashin motar Aaron tana gyara ɗankwali. Yarinyar da ta girma a kujerar gaban Uwar Dawa! Washegari ya je inda Aaron ke saye ya cika jarka, don a san tasa ma tana iyawa.

Kwana uku ta yi tana gudu kamar budurwa. A na huɗu ta fara shessheƙa a hawa. Bakanike Suhaibu ya duba ta ya girgiza kai: man ya cinye tiyon roba, ya tayar da tsatsar da ta kwanta a tanki shekara da shekaru, tsatsar ta toshe kafireta, wato maƙogwaron inji. Ya ƙara da cewa man nan ɗan'uwan barasa ne. Malam Mode ya zauna kan dutse ya riƙe kai. Dattijuwar da ke kai mutane masallacin Juma'a, shi da hannunsa ya shayar da ita. Ta cika ranar Litinin a hanyar Sakaba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fuuu.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, uku masu faci, da batir, da jak, da igiyar ɗaure kaya. Ta kuma bar alkawari. Ranar Asabar Hamdiyya za ta fara makarantar kwana, kuma tun tana ƙarama mahaifinta ya ce shi zai kai ta da akwatinta har bakin ƙofa. Aaron ya zo gaisuwa a farar motarsa, ya ce zai kai ta. Iyali sun gode. Malam Mode ma ya gode, har lokacin da ya jiyo Hamdiyya tana tambayar uwarta ko za a bar ta ta zauna a gaba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Shanun noma biyu za su ja marigayiya zuwa gindin ɗorawar bayan gida, inda za a ɗora ta kan duwatsu huɗu. Ana roƙon masu sababbin motoci, musamman farare, su zo da ƙafa.

Har zuwa rubuta wannan sanarwa, motar Aaron tana shan man nan tana ƙara ƙyalli. Abin da Malam Mode bai sani ba shi ne, idan ta tashi ranar Asabar, ko Hamdiyya za ta waiwayo ta ɗaga masa hannu.