Murfin Firjin Hajo

"Lafiya lau, ya hanya? Au, ashe mijin banza ne. Na yi asarar gaisuwata."

Hajo ce ke magana daga ƙofar ɗakinta a Ikara, hannunta na dama naɗe da tsumma. Mai sallamar jikanta ne Sama'ila, mai gyaran keke a Makarfi. Firjin kananzir da aka sayo mata a gwanjon Turawa masu komawa gida shi ya ji mata ciwo. Murfinsa ya faɗo mata a yatsu tana ciro kunun tsamiyar da take sayarwa, kuma ko an rufe ba ya matsewa, sanyin sulalewa yake yi. 'Ya'yanta suka ce ta tsufa, a ɗauke shi. Ga azumi ya ƙarato.

Sama'ila ya zazzage jaka. Sakata, kwaɗo, ƙugiya, sandar ƙarfe, da tsohuwar robar tayar keke.

"Amarya, an ce kukanki har Paki."

"Murfin ne ya yi kuka. Yatsun nan su suka dama furar da ubanka ya girma da ita."

Ya ce a ganinsa a sa sakata da kwaɗo, shi ya riƙe mabuɗi, ta huta.

"Ka riƙe me? Kai da sai da aka yi maka kaciya ka iya ɗaure wando?"

"To ga sandar ƙarfe, ki riƙa tokare murfin. Sai dai ta fi ki nauyi."

"Ta fi ka amfani dai."

Ta ɗaga sandar da hagu, ta jinjina, ta yar. Ta ce ba za ta riƙe kofi, ta riƙe sanda, ta riƙe murfi ba, hannu biyu Allah ya ba ta. Ƙugiyar take so, a kafa ta a bango ta kama murfin in an buɗe. Robar kuwa a yanka a zagaye bakin da ita, a bar tsiri mai ƙarfi da za ta ja ta maƙale.

"Baba cewa ya yi in lallashe ki ki haƙura."

"Shi ya rasa wanda zai aiko sai kai? Kafa ƙusa."

Ya kafa, ya yanka, yana gunagunin cewa sakinta zai yi. Ta ce ai ita ta daɗe da korarsa. Da ya gama, ta buɗe da hagu, ƙugiya ta kama, murfi ya tsaya cak. Ta rufe, ta ja roba, ta kara kunci a bakin. Babu iska.

Sai ta ɓalle guntun ƙanƙara ta danƙa masa.

"Ungo, kai wa ubanka Makarfi. Ka ce amsata ke nan."

Ya dubi ruwan da ya fara bin gwiwar hannunsa, ya fashe da dariya.

"Kin ci, tsohuwa. Da baki zan faɗa masa."