Ranar Da Na Tare Tseren Keke Da Ƙirjina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Yamai ba za su bari ba. Kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har da waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin. Wani ya ce barci nake a tsakiyar hanya, wani ya ce biyana aka yi. Ƙarya ce! To bari ni mai abin in faɗa da bakina.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Na zo daga Maraɗi ina aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, na gwamnati, ina zaune gidan kawuna Alhaji Mamman, mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Turawa na ta ɗaure kaya suna komawa ƙasarsu, abin da ba za su iya ɗauka ba su sayar. Abokan aikina masu hankali suka sayi gadon ƙarfe, wasu rediyo, wasu teburi. Ni kuwa na sayi akwatin ɗaukar hoto, aparai kamar yadda muke cewa, a hannun wani Bature da muka yi aiki tare. Ya nuna mini inda ake saka pelikil, wato fim ɗin hoto, ya nuna mini 'yar tagar da ake leƙawa da inda ake latsawa, ya daddafa kafaɗata, ya hau jirgi. Iyakar karatun da na yi ke nan. (In ana rabon laifi, ni dai na ce a ajiye wa mutumin nan kasonsa.)

Kafin wata guda na fara jin kaina wani abu. Na ɗauki yaran gida, na ɗauki awaki, na ɗauki wani bikin suna inda rabin baƙin suka fito babu kawuna. Na ce laifin tsawonsu ne.

Kawu yana da ɗa, Isufu, sa'ana kuma abokin wasana, tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "bawa". Isufu keke ya sa a gaba. Kullum da asuba yana kan hanya yana murza feda, har ƙafafunsa suka zama kamar taɓare. Sai aka yi shelar za a yi tseren keke daga Tondibia zuwa cikin gari, kuma wanda ya zo na fari za a tafi da shi gasa a wata ƙasar bakin teku. Duk unguwa ta san Isufu ne zai ci. Ni kuma na je na sami mushe, wato ɗan bokon da ke shirya abin, na yi ta yi masa daɗin baki har ya ce in na kawo hoto mai kyau na ƙarshen tseren, zai duba ko za a tafi da ni a matsayin mai ɗaukar hoto. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa faɗi ba!

Yanzu ku ji shirin da na yi, domin abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce wai sakaci na yi. Sati uku ina shiri. Na sayi kaye, littafin rubutu, na rubuta inda rana take a kowace sa'a daga hantsi zuwa azahar. Na hau kamyo, babbar motar kaya, har Tondibia, na dawo a ƙasa ina duba hanya, ƙafata ta yi bororo. Na auna wurin da za a ja layin ƙarshe da igiyar guga, na aza dutse a inda zan tsaya. Na ɗinka jaka mai aljihu huɗu: na pelikil, na tsumman goge gilashi, na gorar ruwa, da na laima. Na kai farin wando da farar riga aka yi musu guga har suna iya tsayawa su kaɗai. Na ari hular kwano irin ta kumandan, Baturen mulki. Na kuma buga wata takarda a biro da manyan baƙaƙe, FOTO, na manna mata hatimi (hatimin karɓar wasiƙu ne, amma wa zai tsaya karantawa?) don in maƙala a ƙirji.

Saura gwaji da abu mai motsi. Na roƙi Isufu ya riƙa tahowa da kekensa ina aunawa.

"Bawa, ba ni da lokacin wasan yara," in ji shi. "Ranar dai ka tabbata haƙorana sun fito."

Don haka na koma bakin kogi ina gwaji da jakunan masu ɗiban ruwa. Jaki ya taho, in leƙa, in latsa. Na yi haka ya fi sau ɗari, ban taɓa kuskure ba. Abin da ban lura ba shi ne, jaki in ya ga mutum a gabansa da kansa yake tsayawa.

Ana jibi tsere na je sayen pelikil wurin Baba Lasisi, wani dattijon Bayarabe mai shagon hoto a bayan kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a sana'ar. Ya karɓi aparai ɗina ya jujjuya, ya leƙa 'yar tagar, ya dube ni.

"Ɗana, ka taɓa ɗaukar abu mai gudu da wannan? Bari in gaya maka abu ɗaya game da tagar nan..."

"Baba," na katse shi, "wannan aikin zamani ne. Ku kun saba da mutum a zaune kan kujera, da fure a hannu, a ce masa kada ya motsa."

Ya miƙo mini kayana. "To. Allah ya ba da sa'a."

Ni fa a ganina dattijo na gari sai ya dage. Sai ya ce kai yaro zauna ka ji. Amma shi sai ya bar ni na tafi. Wannan ma ina riƙe da shi.

Ranar Lahadi gari ya cika. An ja igiya hagu da dama, jandarmomi na kora mutane baya, makaɗa na ta yi. Kawu, wanda bai taɓa barin rumfarsa don wani wasa ba, ya rufe ta, ya sa babbar riga, ya gayyato abokansa 'yan kasuwa su shida suka zauna a benci na gaba. Na iso da hular kwano da jaka mai aljihu huɗu. Jandarma ya ɗaga hannu zai tare ni, ya ga takardar ƙirjina da hatimi, sai ya ɗaga mini igiya da kansa. Na wuce ina tafiyar ƙasaita, ina jin idon 'yan mata a bayana. Can gefe na hango Baba Lasisi ya hau kan wata ganga da tsohon akwatinsa. Na ce a raina, dubi inda tsoho ya je ya maƙale, me zai gani daga can?

Wajen ƙarfe goma babur ɗin jandarma ya shigo yana ham, alamar sun kusa. Na tsaya kan dutsena a gefen hanya, na rufe ido ɗaya, na manna ɗayan a taga.

Ga su can. Amma ƙanana ƙwarai, kamar tururuwa. Na gane rigar Isufu mai ruwan ɗorawa a gaba, ya ba na biyu rata mai yawa, ya sunkuyar da kai yana murzawa. Na ce a'a, a wannan nisa ai ba haƙoran da za su fito. Na ƙara taku biyu gaba. Har yanzu bai fi girman fara ba. Na ƙara uku. Kuma tunda daga gefe rabin fuskarsa kawai nake gani, sai na ɗan gusa dama, na sake gusawa, har ya zo daidai tsakiyar taga. Kyau!

Sai na ji jama'a sun ɗauki ihu: "Fatta! Fatta!"

Ku yi mini adalci. Watana nawa a Yamai? Zabarmancina bai wuce gaisuwa da cinikin kifi ba. Na ɗauka sunan wani ɗan tsere ne ake yi wa kirari. Ashe "fita" suke cewa. Garin da ke cike da Hausawa, a rasa mutum ɗaya da zai ce "kauce" da Hausa! (Kawu ya rantse ya faɗa har sau uku. Ban ji ba.)

A cikin taga Isufu ya kai girman kaza. Na ce bari ya ƙara matsowa kaɗan, in ƙirga uku. Ɗaya. Biyu. Ya ɗago kai, na ga bakinsa ya buɗe, na ce madalla ga haƙora, na latsa.

Ban kai uku ba.

Abin da na sani kawai, wani abu ya doki ƙirjina, sama ta koma ƙasa. Na ji ƙarar ƙarfe, na ji wandona ya yi ɓarrr daga gaba har baya. Hular kwano ta yi nata wuri, tana gangarawa ita kaɗai har ta tsallake layin ƙarshe, yara na yi mata tafi. Kekuna suka riƙa wuce mu fiu, fiu, kowa na kauce mana yana zagi. Wani makaniki ɗan unguwar Gamkalle, wanda Isufu ya bari a baya tun Tondibia, shi ya ci.

Yanzu ga wurin da ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na tashi zaune, bakina cike da ƙasa. Isufu na kwance kusa da ni, gwiwar hannunsa na zubar da jini, ƙafar kekensa ta lanƙwashe kamar faifai. Kawu ya tsallako igiya da babbar rigarsa. Ni kuwa kalmar farko da ta fito daga bakina, da ƙarfi, kowa na ji, ita ce:

"Ina aparai ɗina?"

Kawu ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi ɗansa.

"Ɗan ga," ya ce a hankali, "mi ka ce?"

Ban maimaita ba. Isufu ya miƙe da kansa, ya saɓa kekensa a kafaɗa, ya ɗingisa ya tsallake layin, don kada a ce bai gama ba. Jama'a suka yi masa tafin da ba su yi wa wanda ya ci ba. Ni kuma jandarman da ya ɗaga mini igiya ya zo ya cire takardar ƙirjina, ya karanta hatimin a tsanake, ya kama ni da kunne ya fitar da ni. Da laima na rufe bayana har gida.

Kwana uku Kawu bai amsa gaisuwata ba. Isufu ma bai kira ni bawa ba, da sunana ya kira ni, abin da ya fi duka ciwo. Shekara guda yana tashi da asuba saboda ranar nan. Na same shi a zaure hannu a naɗe, na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama. Ya dube ni, ya ce in ɗauki keken a ka in kai wa mai gyara, ta tsakiyar Babbar Kasuwa, da rana tsaka. Na ɗauka. Tun daga ƙofa har layin masu atamfa ba abin da nake ji sai "Mushe Fatta! Mushe Fatta!" Da na dawo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Sannu bawa." Nan na san ya huce.

Na ɗauka an gama. Sai ranar Alhamis na ga taro a ƙofar shagon Baba Lasisi, ana nuna gilashi ana ƙyaƙyatawa. Na kutsa. Ga hoto ƙato, an wanke shi tas: Isufu a sama kamar tsuntsu, keke a tsaye kan ƙafa ɗaya, ni kuma ƙafafuna biyu na kallon sama, aparai manne a idona, yagewar wando ta fito sarai har ana iya ƙirga zare. Na faɗa ciki ina huci.

"Baba, wa ya ba ka izini? Wannan cin mutunci ne! Ni ma'aikacin gwamnati ne!"

Bai ko ɗaga murya ba. Ya karɓi aparai ɗina (bai ko tsage ba, ɗan banza), ya tsaya gabana har numfashinsa na taɓa fuskata, ya ce in leƙa. Na leƙa. Sai na gan shi can nesa, ɗan ƙarami, kamar yana bakin titi.

"Haka tagar irin wannan take," in ji shi. "Tana mayar da na kusa nesa. Shi na so in gaya maka."

Ya kuma wanke nawa pelikil ɗin. Hoton da na ba da ƙirjina a kansa ya fito: farin sama, da ramin hanci guda ɗaya a kusurwa. Na ce to ya cire nasa daga gilashi. Ya ce shekara ashirin yana ɗaukar mutane kan kujera da fure a hannu, bai taɓa samun hoto mai rai irin wannan ba, ba zai cire ba. Na ce zan kai ƙara wurin Kawu. Ya ce Alhaji ya riga ya zo da safe ya karɓi nasa kwafin.

Gaskiya ne kuwa. Kawu ya sa masa gilashi ya rataye a rumfa, saman atamfofi, domin shi kaɗai ne shaidar cewa ɗansa ne a gaba. Duk mai ciniki da ya shigo sai ya nuna masa da sanda: "Wanga Isufu ne, shi ad da tsere. Wanga kuma ɗan ƙanwata ne, ma'aikacin gwamnati."

Ban daina ɗaukar hoto ba, har na ɗan iya daga baya. Amma tun ranar, duk taron da na je, ko tsere ne ko biki, ba rana nake fara dubawa ba, ba kuma ango ba. Sai na fara neman wanda ke riƙe da wani aparai a wurin, in lallaɓa in tsaya a bayansa.