Aljanin Motar Sani

Ni dai da kunnena na ji. Duk sanda ɗana Sani ya ɗaga ƙafa daga totur, sai wani abu ya yi ajiyar zuciya cikin injin, kamar mutum a kwance. Tsikar jikina ta tashi, ga mu tsakanin kukokin hanyar Katagum, rana tsaka, ba kowa.

Sani ya ce, "Inna, turbo ce, mai hura wa inji iska. In iska ta yi mata yawa, ta nan take fitarwa." Har ya tsaya ya buɗe bonet, ya nuna mini kafar da iskar ke fita.

Na san aljani ne. Ni da na yi yaƙi da jahilci, yaro zai gaya mini? Da ya shiga masallaci ya bar bonet a buɗe, na tofa addu'a a ƙullin habbatussauda, na cusa a kafar.

A hanyar komawa Azare numfashin ya koma shessheƙa. Na ce a raina, aljanin ya fara jin jiki. Sai tiyo ya fashe, mota ta tsaya.

Da bakanike ya zo, ya zaro ƙullina. "Hajiya, aljanin ne ya manta kayansa?"

Har yau in injin markaɗe ya ƙi tashi, maƙwabta aiko mini suke, wai in zo ruƙiyya.