Ranar da Alhaji Ƙarni Ya Kai Takarda Gulbi

A Birnin Kebbi Allah ya yi mana baiwar malamai da manoma da 'yan kasuwa, amma sai da jiharmu ta cika shekara goma cur kafin ya ba mu Alhaji Maigandi Tamba. Wanda bai gode ba ya yi butulci. Mutum ne da ya je kwas na kwana uku a Kaduna, ya dawo da ilimin da wasu ke shekara bakwai a ƙasar waje ba su samo rabinsa ba. Ya tafi yana cewa "munka" da "sunka" kamar kowa, ya dawo yana cewa "muka" da "suka" kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya taho da takardar shaida mai ruwan zinariya, da tabarau marar magani, da kwamfuta guda wadda masu kwas ɗin suka ba shi kyauta. Tun daga ranar ba ya buɗe baki bai ce "ƙarni na ashirin da ɗaya" ba. Ko ta'aziyya ya je, sai ya tunatar da masu makoki cewa mamacin ya yi sa'a, ya ga farkon ƙarnin. Shi ya sa muka laƙaba masa Alhaji Ƙarni, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa sarauta ce.

Shi ne shugaban laburaren al'umma na Badariya, wanda tsofaffin malaman makaranta suka kafa da guminsu. Kafin haskensa ya iso, wurin yana cikin ci-baya mai ban tausayi. Ɗalibai cike da benci suna karatun jarrabawa. Teloli na leƙowa da azahar su duba jarida. Akwai wasu makafi biyu da ke zuwa sauraren kaset ɗin tafsiri, su yi ta gardama a kan wanda ya fi fahimta. A can ƙurya kuma ga kabad ɗin ƙarfe, inda gidaje arba'in da ɗaya suka kawo ajiyar littattafan kakanninsu na rubutun hannu, don gara ba ta cin ƙarfe. Kowane littafi yana cikin gafakarsa ta fata. Mai kula da su shi ne Malam Hodi, dattijo ɗan shekara saba'in, wanda bai taɓa zuwa kwas ba, Allah sarki, sai dai karatun da ya fara tun yana shekara biyar.

Alhaji Ƙarni bai ɓata lokaci ba. Kwamfuta ta samu babban ɗakin karatu ita kaɗai, da darduma, da labule, da mayafin leshi. Aka fitar da bencina baranda. Aka kulle kaset-kaset. Masu karatu aka ce su riƙa zuwa Juma'a da Asabar, saboda numfashin jama'a yana ɗumama na'ura. Laburaren bai taɓa yin tsit irin na lokacin ba, kuma kowa ya san shiru shi ne alamar laburare nagari.

"Jama'a," in ji shi, ranar da ya tara mu a baranda, "takarda ta mutu, wanka ne kawai ba a yi mata ba. A ƙarni na ashirin da ɗaya ilimin duniya kaf zai shige cikin wannan akwati. Ka danna, ka gani. Mai riƙe da takarda yau, mai ɗaure jaki ne a filin jirgin sama."

Daga nan ya juya kan kabad ɗin ƙarfe. Ya ce zai ɗauki hoton kowace takarda ya zuba a na'ura.

To, littattafanmu na da ba a ɗinke su, ba a kuma sa musu lambar shafi. Takardu ne warwara, ɗaya bisa ɗaya. Abin da ke riƙe da su kalma ce guda da marubuci ke ajiyewa a kusurwar ƙasa, ita ce kalmar da takarda ta gaba za ta fara da ita. Kowane yaron makarantar allo ya san haka. Amma ba a koyar da shi a Kaduna.

Alhaji ya sa aka zare takardun gafaka arba'in da ɗaya rana guda, aka jera su kan tebura.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Hodi, "a bi su gida-gida. Waɗanga takardu in sunka cakuɗe..."

"Malam Hodi, tsari aikin na'ura ne. Kai dai ɗauko."

Bazara ce. Can da rana Alhaji ya taɓa bayan kwamfuta, yadda uwa ke taɓa goshin jariri, ya ji ɗumi. Nan take ya ƙure fanka uku na sama. Ilimin gidaje arba'in da ɗaya ya tashi kamar garken tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa. Dole a yaba wa jarumtar Alhaji: cikin wannan guguwa ya yi tsalle ɗaya ya dafe takardar shaidarsa da ke lilo a bango, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Da iska ta lafa, ya tsara takardun da kansa bisa ƙa'idar zamani: manya da manya, ƙanana da ƙanana, waɗanda suka yi ja a gefe guda. Nahawu ya kwana da maganin harbin kunama. Hukuncin alwala ya zama maƙwabcin labarin shekarar fari. Wata biyu yana ɗaukar hoto, ba ya barin kowa ya taɓa masa na'ura, har ya kai lamba dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu. Takardun kuwa ya sa aka ɗura su a buhunan shinkafa shida. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanen da. Na Alhaji ba ƙarami ba ne, na kwana uku ne cif.

Ana nan sai ga Inna Kulu ta Ambursa, ƙanwar kakata, bisa kabu-kabu. Littafin gidansu yana cikin ajiyar. Mahaifinta ya fara shi, mijinta Malam Ummaru ya ci gaba har ya rasu: haihuwa, mutuwa, shekarar da gulbi ya ci gonaki, da kuma wace ta shayar da ɗan wa. Wannan na ƙarshe shi ya kawo ta. Jikarta Nazifa da wani saurayi Sunusi suna son juna, har an sa rana, sai wata tsohuwa ta tuna cewa da aka haifi Nazifa uwarta ta kwanta ciwo, wata mata ce ta ba jaririyar nono. Wasu suka ce uwar Sunusi ce. In haka ne, 'yan'uwan shayarwa ne, aure ya haramta. Uwar Sunusi ta rasu. Uwar Nazifa a lokacin ba ta san inda kanta yake ba. Inna Kulu kuma tana Makka. Aka dakatar da biki, Nazifa ta daina cin abinci. Littafin ne kaɗai ya san gaskiya.

"Alhaji, littahin gidanmu nika so. Takarda guda za a duba min."

"Inna, kin zo a sa'a. Littafinki ya huta da wahalar duniya, ya shiga na'ura."

"Ya shiga? To hito min da shi."

Alhaji ya sa ta cire takalmi. Ya yaye mayafin leshi, ya gyara tabarau, ya rubuta sunan Nazifa da yatsa ɗaya, ya danna. Ba a ga komai ba. Ashe hotuna ne zalla a cikin na'urar, ba ta san baƙi ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Lamba nawa ce takardar, Inna?"

"Lambar mi?"

"To shi ne matsalar mutanenmu," in ji Alhaji cikin tausayi. "Ki dawo jibi. Na'ura tana tunani."

Sau uku Inna Kulu tana hawa kabu-kabu daga Ambursa, da ciwon ƙugunta, na'ura tana tunani. A zuwa na uku Alhaji bai bar ta ta koma hannu rabbana ba. Ya ba ta katin gayyata.

Bikin Bankwana da Takarda ke nan. An buga katin guda ɗari uku, a kan takarda mai kauri. Da yake Alhaji mutum ne mai tsoron Allah, ya san rubutun da ke ɗauke da sunan Ubangiji ba a zubar da shi a bola, saboda haka ya yanke shawarar a zuba buhunan shida cikin gulbi a Argungu. Mu ma muna da ruwa a Birnin Kebbi, amma na Argungu ya fi fitowa a hoto. Don cika ladabi kuma ya aika wa gidajen nan arba'in da ɗaya katinsu. Da haka suka san inda littattafansu suka kwana.

Ranar biki Alhaji ya ga abin da bai taɓa gani ba. Dattawa daga Birnin Kebbi, daga Ambursa, har daga Augie, sun cika bakin gulbi tun hantsi. Ba mai dariya, ba mai magana, kowa ya kafe shi da ido. Alhaji ya raɗa wa mai ɗaukar hoto cewa wannan shi ake kira kwarjini.

An kafa wa kwamfuta rumfa, janareto yana ruri a bayanta. Buhuna shida na jere a bakin ruwa, masunci da kwalekwalensa yana jira. Alhaji ya yi jawabin minti hamsin.

"Yau tarihi ya tsaya cik yana kallonmu. Kakanninmu sun yi iya ƙoƙarinsu da alƙalamin kara, Allah ya jiƙansu, ba su da laifi, zamani ne bai riske su ba. Abin da suka kasa tsarewa a shekara ɗari biyu, ni na tsare shi a wata biyu. A ɗauki buhun farko!"

Buhun farko bai ɗauku ba, don Inna Kulu na zaune a kai.

Babban baƙo a wurin shi ne Alƙali Maliki, wanda ya yi ritaya amma bai ajiye halin alƙalanci ba. Ya sa aka tambaye ta, ta faɗi damuwarta daga farko har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba. Alƙali ya shafa gemu.

"Alhaji, ai abu mai sauƙi na. Hid da takardar matar ga cikin na'urarka mu gani, sannan a zuba."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe!"

Ya zauna, ya fara daga lamba ɗaya.

Da aka kai lamba arba'in, alƙali ya ce, don kada zama ya yi wa dattawa yawa, a kwance buhunan su ɗan rage lokaci. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwa, aka tsinto duwatsu na danne takarda. Sai ga tsofaffin nan da suka yini ba su ce uffan ba sun zube bisa gwiwa.

"Wanga hannun babana na!"

"Kai, Malam, aje ta. Babanka bai taɓa rubutu miƙe haka ba."

Wani ya karanta kalmar kusurwa da ƙarfi, wani daga can tabarma ta uku ya ɗaga takarda ya ce ga ta. Wani dattijo daga Augie ya ɗauki wata, ya daɗe yana kallonta, ya share ido da bakin rawani, ya ci gaba da aiki. Masunci ya ɗaure kwalekwale ya zo yana riƙe musu duwatsu.

Inna Kulu ba ta karatu, amma ita ta fi kowa sauri. Shekaru da yawa da suka wuce ɓera ya taɓa shiga gafakarsu ya gatsi kusurwa ɗaya, daga sama har ƙasa. Duk takardar da ta ga wannan gatsar sai ta zare ta miƙa wa Malam Hodi, shi kuma yana bin kalmar kusurwa yana jerawa. Kafin la'asar takarda casa'in da huɗu sun koma mazauninsu.

Malam Hodi ya buɗa wajen ƙarshe, ya bi layi da yatsa, ya karanta.

"Nazifa ɗiyar Atiku ta sha nonon Sauda, matar mai gyaran keke, kwana goma sha ɗaya. Babu wata bayanta."

Sauda ba ta haɗa komai da Sunusi ba. Wata mata daga Ambursa ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga bakin ruwa. Inna Kulu ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta sa aka sake karanta mata, don ta kai wa Nazifa kalma da kalma.

A lokacin Alhaji yana lamba ɗari shida da sha takwas. Ya miƙe ya sanar da jama'a cewa abin da suka gani shi ne haɗin gwiwar na'ura da al'ada, daidai yadda ya tsara tun farko. Ba wanda ya musa, don duk sun tafi loda buhuna a mota. Alƙali ya ce a mayar da su kabad ɗin Badariya, a kuma mayar da bencina ciki, dattawa za su riƙa zuwa kullum har kowane gida ya haɗa nasa. Malam Hodi ya hau bayan motar ya zauna bisa buhunan da kansa.

Inna Kulu ta ɗaure littafinta cikin gafaka, ta rungume shi ƙarƙashin mayafi. Har ta wuce, sai ta dawo ta tsaya bakin rumfa. Alhaji ya koma kujerarsa yana nazarin wata takarda a fuskar na'ura, yana gyaɗa kai irin na masana. Takardar a kife take, ƙasanta a sama. Ko Inna Kulu ta gane. Ta nuna kwamfutar.

"Alhaji, wagga ɗiya taka, shekararta nawa?"

"Wata biyar, Inna, amma a ƙarni na..."

"To ai shi ya sa. Ƙarama ta, kar ka matsa mata. Kai ta wurin Malam Hodi ta hwara da babbaƙu. In ka samu sarari kai ma ka zamna kusa gare ta. Allo biyu ba su yi mai yawa."