Kumagai Ya Kai Tsofaffi Kallon Ganye

"Ni fa duwatsun Nagano, ko an ɗaure mini ido an juya ni an juya, sai na kai ku na dawo da ku ba wanda ya yi tuntuɓe!"

Kumagai ke nan, abokina, a ɗakin taron unguwarmu da ke garin Hamamatsu, yana dukan ƙirji har shayi na zuba daga kofinsa. In ba ka san shi ba, ka yi arziki. Gajere ne mai tumbi, ga sanƙo yana walƙiya, ga tabarau mai kaurin gindin kwalba. Duk rayuwarsa huda tikiti ya yi a tashar jirgin ƙasa, kuma tunda ya huda tikitin kowane gari, a ganinsa ya je kowane gari. A bayan idonsa Na-Riga-Na-Sani muke kiransa, don kafin ka rufe baki ya riga ya faɗi hakan.

Abin da ke cin ransa kujerar shugabancin ƙungiyar tsofaffi ce. Iya Tokiwa, wadda ta riƙe ta tun wasunmu na da baƙin gashi, ta ce ta gaji, za a zaɓi magajinta a tafiyar kallon ganye ta bana, wato zuwa duwatsu a ga yadda ganye ke rikiɗa ja in sanyi ya kusa. Masu nema biyu ne: Kumagai, da wani Horiuchi wanda ba a san shi da komai ba sai gyangyaɗi. Shi ma ba nema ya yi ba, yana barci a wurin taro aka ambaci sunansa, kansa ya sunkuya, aka ce ya yarda.

Kumagai ya ce a bar masa shirin tafiyar kacokan. So yake ya burge mata, don su suka fi yawa a ƙungiyar, mazan duk sun riga mu gidan gaskiya sai tsiraru.

Kowa ya san kullum talabijin na nuna inda ganye ya yi ja da inda bai yi ba. Kumagai ya ce shi ba ya kallon shirmen yara. Akwai bishiyar momiji, irin mai jan ganyen nan, a ƙofar gidansa, ranar da ta yi ja, ranar za a tashi.

Matarsa Sumiko ta ce, "Baban yara, ai sanyi kan dutse yake fara sauka. Kafin tamu ta yi ja, ta can ta..."

"Na riga na sani! Bishiya ai bishiya ce, duk danginsu ɗaya. Ke dai ki dunƙula shinkafar guzuri."

Ta dunƙula shinkafa. Ta daɗe da gano cewa gardama da shi asarar yawu ce.

Aka jira, aka jira, har aka fara saka rigunan sanyi. Ran da bishiyar ta yi jawur, Kumagai ya fito da hular hawan dutse mai gashin tsuntsu, usur a wuya, da 'yar tuta a hannu. Ya tsaya a ƙofar bas yana hura wa tsofaffi usur kamar zai kai su yaƙi. Ya ƙwace makirufo tun ba a bar unguwa ba, ya shiga ba da tarihin duk gadar da aka wuce. Horiuchi ya jingina da taga ya tafi.

Da aka fara hawa, sai murna ta fara raguwa. A ƙasa akwai ɗan ja-ja. Gaba kaɗan, ruwan ƙasa. Da aka kai inda Kumagai ya yi alkawarin dutse zai kama da wuta, bishiyoyi ne tsirara reras, ko ganye ɗaya babu na rantsuwa.

Iya Tokiwa ta manna hanci da gilashi, ta kira shi har da "san" ɗin girmamawa. "Kumagai-san, ina ganyen?"

"Shugaba, ai ga shi nan."

"Ina?"

"A ƙasa! Waɗanda ba su waye ba su ke kallon ganye a sama har wuya ya ƙage. Masana a ƙasa suke kallonsa. Don lafiyar wuyanku na yi haka."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ai da ka kai mu bayan gidana, can ma ban yi shara ba."

Bas ta ɗauki dariya. Gumi ya tsatsafo a sanƙon Kumagai, amma ya hura usur ya ce a kwantar da hankali, akwai wata ɓoyayyiyar hanya da ko mutanen yankin ba su sani ba. Direba ya ce shi dai bai yarda da ita ba. Kumagai ya ce ya riga ya sani. Aka kutsa wata siririyar hanya mai murɗe-murɗe, aka yi ta hawa, sai ga ƙofar ƙarfe an gitta, an rufe hanyar sai bayan ƙanƙara ta narke. Ba wurin juyawa. Haka bas ta dawo da baya da baya, Kumagai na tafe a ƙasa yana kaɗa tuta yana "Taho! Taho!" har ya taho da kansa cikin kwata.

Da aka tsaya cin abinci, ya hau kan wani dutse zai yi bayanin halayyar biran daji, wai shi da su akwai fahimtar juna. Wani ƙaton biri ya sauko, ya dube shi, ya karɓe dunƙulen shinkafar da ke hannunsa, ya haɗa da hular. Ya koma kan reshe yana ci yana kallonsa.

"Kun gani? Ya gane ni," in ji Kumagai.

"Ƙwarai," in ji Sumiko. "Ɗan'uwa ai ba ya ɓuya."

Saura ƙololuwar dutse, inda ya rantse za a hango rabin ƙasar. Aka shiga akwatin nan mai tafiya a kan igiya, aka hau, aka fito cikin gajimare fari fat. Ko tafin hannunka ba ka gani. Kumagai bai karaya ba. Ya miƙa tuta cikin farin yana cewa nan ga tafki, can ga dutse kaza, ku dubi kyau! Da gajimaren ya ɗan yaye, ashe bangon banɗaki yake nuna musu.

Da yamma aka isa masauki, tsohon gida mai wankan ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Nan ne ransa ya ɗan dawo. Ya bi ƙofar dama mai shuɗin labule, ta maza, ya tarar da tafki a fili ƙarƙashin sama, ruwan fari kamar madara. Ya jiƙa gaɓoɓinsa, ya ci kifi, ya kora da giyar shinkafa, ya lissafa ya ga mata sun kuɓuce masa. To, sai dabara: gobe da sassafe, kafin zaɓe, zai kama mazan a wurin wanka ya haɗa kansu, sa'annan kowa ya je ya lallashi matarsa.

To, kai ma ka san al'adar irin waɗannan gidaje. Da safe musanya labule ake yi, shuɗi ya koma hagu, ja na mata ya dawo dama, don mata su ma su ɗanɗana tafkin waje. Mai gidan ma ta fara faɗa a wurin cin abinci, Kumagai ya katse ta da abin da ka san zai ce.

Gari na wayewa ya tashi. Ya bar tabarau a ɗaki don tururi na rufe shi, ya ce ai ƙafarsa ta haddace hanya. Ya karya dama. Labule ya shafi sanƙonsa, bai ga ja ba, bai ga shuɗi ba. Ya tuɓe, ya fita waje. Sanyin safiya ya sa tururi ya yi kauri, sai dai ya hango kawuna dishi-dishi a kan ruwa, kowanne da ɗan tawul a ka.

"Madalla, duk kuna nan! Horiuchi-san, kai ne can?"

Shiru.

"Barci ko? A ruwa ma? Allah ya shirye ka."

Ya zauna a 'yar kujera ya ba su baya, ya shiga cuɗa jiki da sabulu kamar yadda ake yi kafin a shiga ruwa, baki kuma ya buɗe.

"Maza, mu faɗa wa juna gaskiya. Har yaushe tsofaffin matan nan za su yi ta juya mu? Jiya kun ji su, caa-caa kamar agwagi, wai ganye, wai ganye. Ganyen miya za su yi da shi? Ita kuwa Iya Tokiwa, ai ta girmi dutsen da muka hau. Jiya da birin nan ya sauko, na ɗauka gaishe da yayarsa ya zo yi!"

Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Wani abu ya yi ɓulɓul a cikin ruwa, ya ɗauka dariya ce ake dannewa, sai ya ƙara wuta.

"Ku dai ku ba ni goyon baya. Matata kuwa kada ku damu, ƙuri'arta a aljihuna take. In na ce Sumiko zauna, ta zauna. In na ce tashi, har rawa take yi."

Ya ɗebi ruwa a ɗan bokitin katako ya sheƙa a ka, ya miƙe, ya juyo yana murmushin shugabanni. Daidai nan iskar dutse ta taso ta kwashe tururin kaf.

Ko ba tabarau, abokina, mutum ya san fuskar matarsa. Ga Sumiko a tsakiya, ruwa har haɓa. Ga mai bayan gidan da ba a share ba. Ga matan ƙungiya jere kamar an dasa su. Ga Iya Tokiwa a kan gaba, ido ƙur.

Kumagai ya rafka bokiti a gabansa ya riƙe da hannu bibbiyu. Ƙafa ta ƙi gaba ta ƙi baya. 

Wata ta ce, "Sumiko-san, ba mijinki ba ne wannan?"

"Ban san shi ba. Nawa yana da aljihu."

Iya Tokiwa ta gyara tawul ɗin kanta, ta yi gyaran murya irin ta buɗe taro.

"To, jama'a, tunda mu ne masu rinjaye, ga shi kuma ɗan takara ya kawo kansa har ya yi jawabi, ban ga dalilin jira ba. Mai son Horiuchi-san ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka fito daga ruwa kamar an shuka su. Sumiko biyu ta ɗaga.

"Mai son Kumagai-san fa?"

Ko hannu ɗaya bai fito ba. Iya Tokiwa ta duba dama, ta duba hagu, sa'annan ta dube shi daga sanƙo har bokiti.

"Haba, Kumagai-san, ko kai ba ka son kanka? Ɗaga hannu mana, muna jira."